Ma'anar Kalmomi da Karin Magana: Yadda "Dogo" Ya Zama Ƙaramin Kofi

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mini a wannan karo sun taru a kan abu guda, wato sunayen da manyan shagunan sayar da kofi na ƙasashen waje suke laƙaba wa kofunansu, da kuma dabarar da suke bi su sa mutum ya sayi fiye da abin da ya shigo saye. Na ga ya dace in haɗa su wuri ɗaya, domin dukkansu magana ce ta awo da suna, kuma Hausa tana da abin cewa mai yawa a kan waɗannan biyun.

Tambaya ta farko daga wani ɗalibi ce da ke karatu a Manchester ta ƙasar Ingila. Ya ce: "Malam, a allon shagon Starbucks na ga an rubuta tall da grande da venti. Na san tall dogo ne, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun. Yaya aka yi dogo ya zama ƙarami, kuma da wace Hausa zan bayyana wa mahaifiyata idan ta kawo mini ziyara?"

Ɗana, idonka bai yaudare ka ba, kuma abin yana da asali. An buɗe Starbucks a birnin Seattle na Amurka a shekarar 1971. A 1983 wani ma'aikacin kamfanin mai suna Howard Schultz ya je birnin Milan na Italiya, ya ga yadda mutanen can suke tsayawa a ƙananan shaguna suna shan kofi mai ƙarfi da ake kira espresso, abin ya burge shi ƙwarai. Da ya koma gida ya buɗe nasa shagon mai suna Il Giornale, sannan a 1987 ya sayi Starbucks ɗin kansa. Kofuna uku ake da su a wancan lokaci: short, wato gajere, mai cin oza 8, tall, wato dogo, mai cin oza 12, da grande, kalmar Italiyanci mai nufin babba, mai cin oza 16. Ka ga a wannan tsari babu ruɗani ko kaɗan, domin gajere da dogo da babba jeri ne da hankali yake karɓa. Ruɗanin ya shigo ne a shekarun 1990, sa'ad da aka ƙaro kofi na huɗu mai cin oza 20 aka sa masa suna venti, wato ashirin da Italiyanci, aka kuma cire gajeren daga allo. Da aka ɗauke gajere daga gefensa, sai dogo ya wayi gari shi ne auta, alhali bai sauya suna ba. A 2011 kuma aka ƙaro trenta, wato talatin, don abin sha mai sanyi.

Domin ka ga girman abin da idon zuci, oza ɗaya ta ruwa kusan mililita 30 ce. Tall yana cin kimanin mililita 355, daidai da kwalbar lemo ta santilita 35 da muka sani. Grande yana cin 473, ya kusa ledar ruwan sha ta rabin lita. Venti mai zafi yana cin 591, ya zarce ledar ruwan. Shi kuwa espresso ɗin da Schultz ya gani a Milan bai wuce mililita 25 zuwa 30 ba, kurɓi biyu ne ko uku, saboda haka sunayen ne kawai na Italiya, girman kofunan na Amurka ne.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayin mai nazarin harshe shi ne babu ko ɗaya daga cikin kalmomin ukun da ke nuna ƙanƙanta. Ɗaya dogo, ɗaya babba, ɗaya lamba ce a harshen da yawancin masu saye ba sa ji. A kasuwarmu kuwa sunan ma'auni shi yake gaya maka matsayinsa: mudu, rabin mudu, gwangwani, ludayi, cokali. Gaskiya ne mudun wannan kasuwa yakan bambanta da na waccan, kuma hakan yana jawo gardama, amma kwanon awon yana gaban mai saye yana kallonsa, ba a kuma taɓa jin an kira rabin mudu da sunan babban mudu ba. Don haka idan mahaifiyarka ta zo, kada ka fassara mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ka ce mata ƙarami da matsakaici da babba, domin aikin da kalmar take yi a wurin shi ake fassarawa, kuma idan ƙaramin ma ya yi mata yawa, a shagunansu da dama ana ba da gajeren ga wanda ya ambace shi da baki ko da ba ya kan allo.

Tambaya ta biyu daga wata malama ce mai fassara labarai a gidan rediyo. Ta ce ta ci karo da kalmar upselling a wani rahoton kasuwanci, wani abokin aikinta ya ba ta shawarar ta ce gyara, amma zuciyarta ba ta kwanta da haka ba.

Malama, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, kuma da kin bi shawarar da kin juya maganar ta koma baibai. Gyara a harshen kasuwa ita ce ɗan abin da mai sayarwa yake ɗorawa a kan abin da aka auna bayan an gama ciniki, ba tare da an biya ko kwabo ba. Mai tumatir ya ƙara miki biyu a kan kashi, mai gyaɗa ta ƙara miki ɗan damƙi, mai nono ta ƙara rabin ludayi. Mai saye ne yakan roƙa, ya ce a yi masa gyara, kuma daga aljihun mai kaya take fita. Kalmar da kanta ta fito ne daga aikatau ɗin nan na gyarawa, kamar dai ana cewa idan awon ya ɗan gaza to ga abin da zai daidaita shi, kuma tana ɗaure zumunci tsakanin mai kaya da abokin cinikinsa har gobe ya dawo.

Abin da rahotonki yake nufi ya saɓa wa wannan ta kowace fuska. Mai sayarwa ne yake kawo maganar ƙarin, mai saye ne yake biya. Kin nemi ƙaramin kofi, sai wanda ke bayan kanta ya ce, a ba ki babba mana tunda bambancin kuɗin kaɗan ne, ko a ƙara miki ruwan zaƙi mai ƙamshi, ko a haɗa miki da kek. A manyan kamfanoni ana koya wa ma'aikata wannan tambaya ne a matsayin wani ɓangare na aikinsu, saboda kuɗin da kamfani yake kashewa wajen ƙara madara da ruwa a kofi bai kai abin da yake karɓa a kan ƙarin ba. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin mai shayi yakan ce, "A ƙara kauri? A soya ƙwai?" Sai dai shi mai shayi ya san ka, ya san aljihunka, kuma idan ka ce a'a magana ta ƙare.

Kalmar da nake ba ki shawara ita ce tallan ƙari. Talla ita ce kai kaya gaban wanda bai nema ba, ƙari kuma shi ne abin da ya hau kan abin da aka riga aka yi niyya, saboda haka mai sauraro zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Idan rahoton yana sukar ɗabi'ar ne, yana nuna an matsa wa mutum, to ki ce cusa ƙari, domin cusawa tana ɗauke da ma'anar rashin so. Ki ajiye romon baka don inda aka yi amfani da daɗin baki da alkawarin da babu komai a cikinsa.

Tambaya ta uku daga wata hajiya ce da ta dawo daga Umara. Ta ce a filin jirgin sama ta shiga wani shagon kofi, aka lallashe ta ta sayi babban kofi mai madara maimakon matsakaici, da ta kurɓa sai ta ji madara ta rinjayi kofin. Tana tambaya ko wannan shi ne algus ko tauye mudu, kuma wace karin magana ce ta dace da shi.

Hajiya, hukunci na malaman fiƙihu ne, ni nawa shi ne ma'anar kalma. Algus shi ne cakuɗa kaya da abin da ba shi ba a ɓoye, kamar zuba ruwa a nono ko tsakuwa a hatsi. Tauye mudu kuwa shi ne a karɓi kuɗin cikakken awo a ba da wanda ya gaza, abin da Suratul Muɗaffifina ta yi kakkausan gargaɗi a kai. Abin da ya same ki bai shiga ko ɗaya daga ciki ba idan aka bi ma'anar kalmomin sau da ƙafa, tunda an cika miki kofin da kika biya kuma madarar ba a ɓoye take ba. Amma harshenki bai yi ƙarya ba, kuma ga dalili. Irin wannan abin sha, wanda ake kira latte, daga kalmar Italiyanci mai nufin madara, ana haɗa shi ne da awon espresso ɗaya ko biyu, sannan a cike sauran kofin da madara mai zafi. A tsarin Starbucks na Amurka, alal misali, tall yana da awo ɗaya, grande yana da biyu, venti mai zafi shi ma biyu ne. Wanda ya tashi daga matsakaici zuwa babba a irin wannan tsari madara ya saya, kofin da ke ciki bai ƙaru da ko ɗigo ba. Wannan bayani ne da ya kamata a ce mai sayarwa ya yi kafin ya karɓi kuɗi, kuma rashin yin sa yana damuna, domin mai saye ya amince ne bisa zaton da aka bar shi a kai.

Karin maganar da ta dace ita ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Girin-girin shi ne hayaniya da kai-kawo da cika ido, mai kuwa shi ne amfanin da ake nema a ƙarshe. Akwai kuma abin da na tabbata ya yi aiki a kanki a wannan wuri, wato kara. Bahaushe yana jin nauyin ya ce a'a ga wanda ya yi masa tayi da fara'a, balle ga layi a bayansa, ga harshen da ba nasa ba. Kara ɗabi'a ce mai daraja tsakanin mutane, amma kakanninmu ba su shigar da ita ciniki ba, shi ya sa suka tanadi kalmar albarka, wadda mai kaya yake ƙin tayi da ita ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Mai saye ma yana da irin wannan haƙƙi, ya ce na gode, wannan ya ishe ni.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ce mazaunin Toronto ta ƙasar Kanada, wanda ya tambaya ko suna linzami ne tana iya hawa kan kaya, ko kuwa ta mutane ce kaɗai.

Alhaji, asalinta a kan mutane take. Linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki a juya shi inda ake so, kuma Hausawa suna nufin sunan da aka raɗa wa yaro yakan ja shi zuwa ga halin da sunan yake ɗauke da shi. Amma karin magana tana yalwata da zamani, kuma a ƙasar da kake zaune akwai misalin da ya dace da ita sarai. A farkon 2012 kamfanin Tim Hortons ya fito da sabon kofi mai cin oza 24, ya kuma matsar da sunayen sauran kofunan da mataki ɗaya: wanda ake kira babba, mai oza 14, ya koma matsakaici, matsakaici mai oza 10 ya koma ƙarami. Mutumin da ya saba cewa a ba shi matsakaici kowace safiya, idan bai sauya kalmarsa ba, sai a miƙo masa kofin da jiya ake kira babba. A nan mai saye ne sunan yake ja. Masu nazarin halayyar masu saye sun daɗe da lura cewa idan aka jera wa mutum zaɓi uku yakan kauce wa na gefe ya ɗauki na tsakiya, kuma wani masani mai suna Itamar Simonson ya wallafa bincike a kan haka a 1989. Mu ma muna yabon tsaka-tsaki a al'amura, sai dai a shagon kofi mai shagon ne yake yanke inda tsakiyar take, domin duk lokacin da ya ƙara wani ƙaton kofi a sama, tsakiyar ta matsa.

A ƙasan wasiƙarka ka tambayi dalilin da ya sa muke kiran abin shan da mazubinsa da kalma ɗaya, wato kofi. Kalmomi biyu ne daban da muka aro daga Ingilishi, rubutun boko ya haɗe su, amma a baki karin sauti yana raba su, kuma mazubin ne kaɗai yake da jam'i, wato kofuna. Inda ake gudun ruɗani a rubuce, muna da gahawa, wadda muka aro daga ƙahwa ta Larabci, kuma daga wannan kalmar ta Larabci ce sunan ya bi ta Turkanci ya shiga harsunan Turai. Muna kuma da finjali, shi ma daga Larabci, don ɗan ƙaramin mazubin da ake shan gahawa ko shayi mai ƙarfi da shi, irin wanda 'yan'uwanmu Hausawan Sudan suke amfani da shi har yau.