Suna 64 a kaye, mutum 15 a kan tabarma

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni ne magatakardan ƙungiyar ƴan garinmu mazauna Yamai. Garin namu yana ƙasar Adar, tsakanin Keita da Buza. Muna taruwa Lahadin farko ta kowane wata bayan la'asar a gidan wani dattijonmu a Bukoki, kowa yana zuba jika guda. A kaye, wato littafin ƙungiya, akwai suna 64, amma ranar taro da ƙyar ake samun mutum 15. Watan jiya mahaifin wani ya rasu, aka fitar masa da jika 50 daga asusu, sai rigima ta tashi, wasu na cewa rabonsa da taro ya fi shekara. Ga shi zaɓen sabon biro, wato shugabannin ƙungiya, yana tafe bayan babbar salla. Na yi tunanin in riƙa ba kowa maki: wanda ya zo maki 1, wanda ya yi magana maki 2, wanda ya kawo shawara maki 3. Ƙarshen shekara in karanta a gaban kowa, a san mai himma da mai suna kawai. Hanyar ta yi?

Ɗanka, daga Bukoki, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mamacin, ya ba ɗan'uwanku haƙuri.

Ƙidayar da kake son yi tana da kyau, na kuma yaba maka da ka damu. Amma makin magana, ka soke shi tun bai ga rana ba. Ranar da mutane suka gane baki yana kawo maki, taron awa guda zai kai ku magariba, wanda ba shi da ta cewa ma sai ya miƙe ya maimaita abin da na gabansa ya faɗa. Kuma ka san mutanenmu: yaro ba ya tsallake maganar yayan babansa a bainar jama'a, suruki ba ya buɗe baki inda surukinsa yake zaune. Kunya ce da tarbiyya, kai kuma za ka rubuta musu ita a matsayin lalaci.

Na taɓa riƙe kaye irin naka shekaru da dama, kuma akwai kuskuren da na yi wanda har yau yana damuna. Muna da wani bawan Allah mai gadin dare, ba ya zuwa taro sai jefi-jefi, in ya zo ma gefe yake rakuɓewa, bai taɓa cewa uffan ba. Ƙarshen shekara na miƙe na karanta sunayen waɗanda na kira masu rauni, da nasa a ciki. Bai ce kome ba, ya sa takalmansa ya fita. Daga baya ne matar wani ɗan ƙungiyarmu ta shaida mini cewa lokacin da mijinta ya kwanta a likita kusan mako uku, wannan mutumin ne kullum da safe, in ya sauka daga gadi, yake biyawa ya kai musu koko da ƙosai, ya zauna da majinyacin har ita ta je gida ta duba yara ta dawo. Ni mai kaye sau ɗaya na leƙa. Na je har wurin gadinsa na ba shi haƙuri, ya ce ba kome, amma bai sake taka tabarmarmu ba. Saboda haka duk abin da za ka ƙidaya, kada ka karanta shi a taro da sunan tona asiri.

To me za ka rubuta? Fara da zubi, domin shi ne ba ya jawo gardama: an ba da ko ba a ba da ba. A nan ka yi koyi da Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, wanda yau ya bazu ƙasashe da yawa. Matan nan, da yawansu ba su shiga lakkol ba, amma lissafinsu ba ya ɓata, don kome a gaban ido ake yin sa. Duk mako a kira suna, mace ta zuba nata kowa na gani, a ƙidaya da ƙarfi, wadda ta makara ko ta ƙi zuwa ba dalili ta biya ƴar tarar da su da kansu suka yanka. Wanda ya ga zubi da idonsa ba ya zuwa bayan wata shida ya ce magatakarda ya yi son kai.

Sai zuwa taro, kuma nan ne aikin yake. Alama biyu, ya zo ko bai zo ba, ba ta isa ba. Ka ƙara ta uku: bai zo ba amma ya aiko. Mutumin da ya buga waya ya ce yau ina kasuwar Katako kaya sun iso, ga jikata a hannun wane, wannan yana tare da ku. Wanda za ka sa wa ido shi ne wanda wata uku a jere ba shi, ba saƙonsa, ba kuɗinsa.

Kuma kada ka auna kowa da watanni 12. Mu ƴan Adar ka san halinmu. Ruwa na sauka wajen Yuni, rabin mutanenka sun hau mota sun tafi gida noma, ba ka ganinsu sai an yanke hatsi a Oktoba. Wasu kuma suna bida, wannan a Abijan, wancan a Libiya ko Aljeriya. Ɗauki mutum biyu, kowanne ya zo taro sau 6 a shekara. Na farko ya yi wata huɗu a gona, wato taro 8 ne ya same shi a Yamai, ya halarci 6. Na biyu yana nan Bukoki shekara cur, tsakaninsa da gidan taron tafiyar ƙafa ce, shi ma 6. A kaye lambarsu ɗaya, amma kai ka san ba ɗaya suke ba. Don haka gaban kowane suna ka rubuta taro nawa ya same shi a Yamai, sannan nawa ya zo. Ƴan bida kuwa ka buɗe musu shafinsu dabam, zubinsu kaɗai za ka duba da kuma ko suna amsa kira in abu ya faru. In ka yi haka, ina kyautata zaton 64 ɗin nan za ta rabu, ka tarar waɗanda suka ɓace da gaske ba su kai yadda kake tsoro ba.

Abin da ya fi wuyar rubutawa shi ne ya fi nauyi, wato ƙafa. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Wa ya je jana'iza, wa ya kwana da majinyaci, wa ya tari baƙon da ya sauka tasha daga gida bai san kowa ba, wa ya ɗauki saƙon ƙungiya ya kai gari? Ka ware shafi a bayan kaye, duk abin da ya faru ka rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda suka tsaya. Kada ka dogara da abin da ka gani kai kaɗai, ka tambayi mai abin: su wa suka zo maka? Da na yi wannan tambayar guda ɗaya, da ban rasa mai gadin nan ba.

Shafin nan zai nuna maka wani abu game da ku shugabanni ma. In shekara ta ƙare ka ga sunaye biyar ne ke ta maimaituwa, ka tambayi kanka ko sauran ƙi suka yi, ko ba a taɓa sa su ba. Sau da yawa biro ne ke riƙe kome a hannunsa, sannan ya koma yana kukan ba mai taimako. Haka lokacin taron: Lahadi bayan la'asar ta dace da ma'aikacin gwamnati, amma ka tambayi mai shayi da mai tuƙa taksi ko ta dace da su.

Batun jika 50, ni a ganina kun yi daidai da kuka bayar. Ranar mutuwa ba ranar buɗe kaye ba ce. Laifin shi ne ba ku da ƙa'ida a rubuce tun kafin a yi rasuwar. Ƙungiyar da ke son hukuma ta san da ita, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, tana kai dokokinta ne a rubuce, amma ko ba ku da niyyar neman takarda, ku rubuta don zaman lafiyarku. Shawarata: gaisuwar mutuwa da wani abu ƙayyadadde na duk mai suna a kaye ne. Cikakken taimako da rance na wanda bashin zubinsa bai wuce wata uku ba, wanda ya wuce a cire abin da ake bin sa a ba shi saura. Ku yanke wannan a taro mai zuwa, yanzu da ba wanda ya san kan wa za ta fara faɗawa.

Zaɓe kuwa, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Dokar OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka mai daidaita dokokin kasuwanci) ta 2010 kan ƙungiyoyin gama kai, wadda Nijar ke aiki da ita, haka ta tsara: komai yawan hannun jarinka, ƙuri'arka guda ce. Ku ba irin wannan ƙungiya ba ce, amma ƙa'idar abar aro ce. Ku sanar tun yanzu cewa wanda ya biya bashinsa kafin salla zai yi zaɓe, kada maki ya sa ƙuri'ar wani ta fi ta wani.

Waɗanda suka yi shiru wata uku, ka fitar da sunayensu kai da shugaba kaɗai, ku raba tsakaninku da dattawa biyu, ku bi su gida da gaisuwa, ba da kaye a hannu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Wani aiki ya rasa yana jin nauyin zuwa hannu rabbana, wani magana aka yaɓa masa a taro ba wanda ya lura. Ku fara da wanda mahaifinsa ya rasu, domin babu shakka maganar da aka yi a kansa ta riga ta kai kunnensa. Ka sake rubuto mini bayan salla in ji yadda kuka ƙare.