Kamun kifin coho da cutthroat a bakin tekun Puget Sound na Amurka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa Seattle. Ka tambaya ko fatsar ƙuda, wadda ake ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya maimakon tsutsa, tana kama kifi a ruwan gishiri daga gaɓa. Tana kamawa ƙwarai, na daɗe ina yi.

Kafin ka sayi komai, koyi duba lokacin cikar teku da janyewarsa. Idan ruwa ya tsaya cik, kifin ma ya tsaya. Sai ruwa yana gudu yana kwaso ƙananan kifaye sannan cutthroat, wani nau'in kifin trout, ke fitowa farauta. Kuma kusa yake zuwa, kusa sosai. Farkon zuwana nakan kutsa ruwa har ƙugu ina jifa can nesa, ashe kifin yana bayana, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Wata safiya a gaɓar Lincoln Park da ke nan Seattle na ga ɗaya ya fantsama ruwa daf da duwatsun da na baro. Tun ranar nake fara jifa ƙafata a busasshe.

Watan Maris da Afrilu 'ya'yan kifin chum ke gangarowa daga rafuka, cutthroat na biye da su. Ɗaura siririn ƙuda mai kama da su, ka riƙa fizgar zaren a gajere-gajere. Manyan coho kuwa, wani nau'in kifin salmon, sai Agusta zuwa Oktoba, idan sun dawo daga babban teku. Je gaɓar Point No Point, arewa maso yamma da Seattle, da asuba. Ranar da ɗaya ya kama, za ka ji zare na ƙona maka yatsa.

Sanda mai ƙafa 9, lamba 6 a ma'aunin nauyin zare, ta isa duka kifayen biyu. Ɗaura kwandon roba a ƙugu don zare ya zuba ciki, in ba haka ba ciyawar teku za ta cukuikuye shi. Kana komawa gida ka wanke komai da ruwan famfo, gishiri na cin ƙarfe.

Ka sayi lasin, ka matse haƙorin ƙugiya da filaya. Cutthroat, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa, doka ce a sake shi a ruwan Puget Sound. Don Allah ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, kada ka jawo shi kan yashi. Coho kuma duba dokar yankin kafin ka riƙe: na gidan ƙyanƙyasa an yanke masa ɗan fiffiken da ke kusa da wutsiya, na daji nasa yana nan.