Kun Tambaya, Mun Amsa: Tseren Babura na Daytona 200

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce tseren babura na Daytona 200 da ake yi a Amurka a bakin teku aka fara shi. Da gaske ne? Kuma me ya sa aka daina shiga da manyan babura masu cc 1000, alhali su ne suka fi gudu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne. A 1937 aka fara shi a Daytona Beach da ke jihar Florida, Ed Kretz ne ya ci na farko a kan babur ƙirar Indian. Rabin hanyar kwalta ce, rabi kuma yashin gaɓar teku, don haka sai ruwa ya janye yashi ya yi tauri ake tashi. Kafin tsere ya yi nisa kwanonin yashin nan biyu sun zama ramuka, a nan mahaya suka fi zubewa. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shi daga 1942 zuwa 1946, sannan a 1961 aka mayar da shi filin Daytona International Speedway.

Amsar tambayarka ta biyu kuwa, taya ce. Manyan kwanonin filin a jirkice aka gina su, digiri 31, domin tseren motoci. Babur yana hawansu da maƙura a buɗe, ƙarfin juyin yana danne shi a kan kwalta, kuma duk nauyin a gefen hagu na tayar baya yake sauka. Zafi yakan taru a cikin robar har ta yi bororo, ta fara ɓantarewa gutsure-gutsure, wani lokaci ta rabu da jikin tayar gaba ɗaya. A 1973 aka ƙara wata 'yar karkatacciyar kwana a miƙaƙƙen layin baya don a karya gudu, duk da haka a 1975 tayar baya ta kayar da Barry Sheene, wani mahayi ɗan Birtaniya, wajen gwaji yana gudun kusan mil 175 a awa, ya karye a cinya da hannu.

Daga 1985 baburan Superbike, wato ajin manyan babura, ne ke tseren, amma da ƙarfin injinsu ya fi abin da taya za ta jure, sai a 2005 aka koma ajin masu cc 600. A ganinmu an yi daidai, ko da yake wasu 'yan kallo sun yi ƙorafi.

Yau zagaye 57 ake yi, mil 200, wato kusan kilomita 320, kuma MotoAmerica, ƙungiyar da ke gudanar da gasar tseren babura a Amurka, ke shirya shi tun 2022. Galibi sau biyu mahayi ke tsayawa shan mai da canjin taya. Idan ƙusar gindin taya ta cije ko birki ya ƙi zama daidai, 'yan daƙiƙun nan sun isa su raba shi da ayarin gaba. Wanda ya rabu da ayari kuwa ya rasa masu tare masa iska, da wuya ya sake kamo su.