Kowa da Gwaninsa: Motata Tana Shan Man Inji, Amma Ba Ta Ɗiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Dodge Ram ta 2001, injin isansi mai silinda takwas, lita 5.9. Kusan kowane mako sai na ƙara man inji, alhali ko ɗigo ba na gani a ƙasa. In na taka ta a hawa sai ta riƙa ƙas-ƙas, ƙarfi kuma ya ragu. Makanikena ya ce a sauke inji a sake zoben fiston. Mene ne shawararku? Daga wani mai sufuri a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda a sauke inji tukuna. Injunan Magnum irin naka, masu lita 3.9, 5.2 da 5.9, har da 5.2 na Jeep Grand Cherokee, an san su da wannan ciwo. Tulun iskan da ke zaune bisa inji, wanda makanikai ke kira kolakta, na alminiyam ne, amma an rufe cikinsa daga ƙasa da farantin ƙarfe, da juwan (shimfiɗar da ke hana yoyo) a tsakani. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ɗau zafi, don haka kullum suna murza juwan ɗin har ya yage. Da ya yage, inji sai ya zuƙo mai daga ƙarƙashin faranti ya ƙone shi tare da isansi. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji daga nan yake, kuma zafin bazarar Adar ƙara shi yake yi.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A kashe mota, a cire gidan filtar iska, a buɗe maƙogwaro, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga tulu, a haska tocila ciki. In an ga man inji kwance a gindin tulu, magana ta fito. Don ƙarin tabbaci, a ta da mota a ralanti, a zare bawul ɗin PCV (mai zuƙe tururin mai daga murfin saman inji), a toshe shi, a toshe raminsa, sannan a sa yatsa a ramin numfashi na murfin ɗaya gefen injin. In ya tsotse yatsa, juwan ya tafi.

Wajen gyara, a cire batir, a zubar da ruwan radiyata, a sauke altanata da kwamfireson kilim da layin isansi, sannan a kwance bulo 12 na kolakta. Da an ɗaga shi a cusa tsumma mai tsabta a ramukan kulasi, wato kan inji; ƙurar garejinmu in ta faɗa ciki, fiston ne zai biya.

Inda aka fi kuskure shi ne mayar da tsohon faranti da tsoffin bulo. Mu dai mun fi son a yanka faranti na alminiyam mai kaurin milimita 6, ya tafi daidai da tulu in an yi zafi. A auna tsawon bulo 15 na farantin sosai, don wanda ya yi tsawo zai taɓo ƙarshen rami, hannu ya ji kamar ya ɗauru alhali bai danne juwan ba. A wanke ramukan, mai ya fita. Da makullin awo ake ɗaurewa, daga tsakiya zuwa gefe: Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 5.4, sai 9.5, a sake bi a 9.5. Na kolakta kuwa sabbi za a sa, Nm 8 sannan 16. Ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, mai ɗaure da ƙarfin tuwo karya su yake yi. Silikon a kusurwoyi huɗu kawai, inda juwan ɗin gefen kolakta ya haɗu da na gaba da na baya.

Tun da wurin a buɗe yake, a canja tarmosta da ɗan gajeren tiyon ruwa da ke gaban kolakta. A sa sabbin buji da PCV, a yi juyen mai. In ƙarfi bai dawo ba, a duba katalizar salansa, wato matatar hayaƙi, man da aka daɗe ana ƙonawa yana toshe ta.