Baƙin da na sare da hannuna

Kai yaro, ajiye wuƙar nan tukuna. Kana tambayata yaya mutanen da can suke zana tsoro a littafi har ya bi mai karatu zuwa makwanci, alhali naka dodon ka cika shi da haƙora da farata amma ƙanenka ya gani ya tuntsire da dariya. Da ba zan amsa ba, don ku 'yan yanzu ana magana idonku na kan waya. Sai dai tambayar ta fama min wani tsohon miki.

A wannan sana'a tamu ta sassaƙa hoto a katako a shafa masa tawada a buga a takarda, batun wasa wuƙa, da juya zane kafin a ɗora shi a katako, da yawan tawadar da za a shafa, ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya shekara biyu a gabana bai san wannan ba, ya nemi wata sana'a.

Abubuwan da ɗan Adam ke tsoro ba su da yawa: duhu, mutuwa, nutsewa a ruwa, faɗowa daga sama, maciji, ɓata a daji, a rufe mutum a wurin da ba ƙofa. Kowa da su yake yawo a cikinsa tun kafin ya buɗe littafinka. Wanda maciji ya taɓa sara, baƙin tsumma ma gudunsa yake yi. To tsumman za ka zana. Je ka duba zanen rawar mutuwa na Hans Holbein, wani mai zane Bajamushe, da aka buga a birnin Liyon na Faransa a 1538, hotuna 41, kowanne bai kai tafin hannunka ba, tsawonsa bai cika santimita 7 ba. A ɗaya, uwa na girki a bukka, ƙwarangwal, wato mutuwa, ya kama hannun ƙaramin ɗanta yana fita da shi, yaron ya waiwayo ya miƙa mata ɗaya hannun. Ba jini ko ɗigo. Hannun nan da ya miƙa shi ne ke hana iyaye barci. Kuma ka riƙe sunan Hans Lützelburger, shi ya sassaƙa katakon, ya rasu a 1526 bai ga littafin ba. Kullum mu masu wuƙa ake mantawa da mu. Haka Gustave Doré, mai zane Bafaranshe, a 1862, da ya zo zana yarinyar wata tatsuniyar Turawa da kerkeci ya cinye kakarta ya sa hularta, bai nuna cizo ba. Ya kwantar da su gado ɗaya, ta ja mayafi tana kallonsa ta gefen ido, ta fara ganewa ke nan.

Ni na san duk wannan, maigidana ya koya min, kuma da saninsa na tafka asarar da har gobe take ci min rai.

Wani mai buga littattafai ne ya zo min, ba zan kama sunansa ba. Yana son hotuna 12, kowanne da tsoro guda. Ya ba da kafin alƙalami, muka yi da shi ciko sai aiki ya kammala. Wata bakwai na yi a kai. Goma sha ɗaya sun yi kyau, amma na tsoron duhu, wallahi ban taɓa yin kamarsa ba, ban kuma sake ba. Yaro ne tsaye a bakin ƙofa da aka ɗan buɗe, ya juya mana baya, siririn haske ya faɗo a kan dugadugansa. Sauran allon, kusan kashi uku cikin huɗu, baƙi ƙirin, wuƙata ba ta taɓa shi ba. Sati uku na yi a kan kafaɗun yaron nan kaɗai, har sai da suka nuna ya riƙe numfashi. Na buga gwaji guda ɗaya tak a takarda mai kyau, na kai masa da ɗoki.

Ya juya takardar, ya yamutsa fuska. Wai shi kuɗin zane ya biya, me zai yi da baƙar tawada? Ina abin tsoron? A sa masa idanu biyu a cikin duhun, da haƙora, da hannu mai farata yana leƙowa. Na ce masa ranka ya daɗe, duk wanda ya kalli baƙin nan zai zuba nasa dodon a ciki, wanda ya fi duk abin da ni da kai za mu ƙago. Ya ce in ba a gyara ba babu ciko. Lokacin ina da bashin katako a kaina, ga iyali. Na bar masa takardar gwajin wai zai ƙara dubawa, na dawo na ɗauki wuƙa.

Ka san sara a katako zarar bunu ce. Abin da ka yanke fari zai fito har abada. E, ana huda wurin a cusa guntun katako a goge, amma a tsakiyar faffaɗan baƙi bakin toshin sai ya nuna a takarda. Hannuna na rawa na yanka idanun nan. Da na buga, sai ga wani abu kamar kyanwa a bayan ƙofa. Yaron da na yi wa wahalar sati uku ya koma mai tsoron kyanwa.

Na kai masa. Ya ce wannan ai ba ya ba da tsoro, aikin ya lalace, ya fasa littafin gaba ɗaya, cikon kuwa in manta. Na ce a ba ni takardar gwajina, ya ce ta ɓata. Bayan shekara ɗaya da wani abu na ga littafin a hannun wani. A bangonsa ga yarona, ga ƙofata, ga baƙina cikakke ba ido ba haƙori. Hoton takardar gwajin ya ɗauka ya buga da inji. Babu sunana ko a lungu, don ban sa hannu a gwajin ba, kuma ba mu rubuta yarjejeniya ba. Da na je masa ya ce in kawo allon da ya yi daidai da bangon, in nawa ne. Allon da ke hannuna kuwa mai idanun kyanwa ne. Shi ne wancan da ke kife a saman kabad, wanda na hana ku taɓawa.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga kuna cika kowane lungu na allo da zane, kamar ana biyanku da yawan layi. A kwamfuta kun saba danna abu ya dawo yadda yake, sai kuka ɗauka katako ma haka ne. Haƙurin barin wuri ba ku da shi.

Miƙo dodon naka in gani. Wannan ba ya gyaruwa, ka riga ka cinye baƙin. Ɗauko sabon katako, ka shafe fuskarsa da tawada ta bushe, ka zaɓi tsoro ɗaya wanda kai kanka kake ji, ka yanka min mutumin da abin ke shirin samu, ka tsaya nan. Ka buga gwaji uku, ka sa hannu da kwanan wata a kowanne, biyu su shiga akwatinka. Sannan ka kawo min na ukun.