Tambaya da Amsa: VVT-i da VTEC, ɗaya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Corolla ta 2006 gare ni, injin 1ZZ-FE. Tana kakkarwa a silo, fitilar cek ta kama, na'ura ta nuna lambar matsala P1349. Makanike a Apo ya ce VVT-i ne. Abokina mai Accord kuma ya ce ai shi ne VTEC, suna kawai ya bambanta. Haka ne? Daga mai karatu a Kubwa, Abuja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Manufarsu ɗaya, aikinsu daban. Inji yana son bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi, ya buɗe a wani lokaci idan yana silo, a wani lokacin daban idan an taka totur.

VVT-i na Toyota lokacin buɗewa kawai yake sauyawa. A bakin kamshaf, wato sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, akwai giya mai ɗakuna a ciki. Kwamfutar mota tana umartar wani bawul na lantarki, OCV, ya tura baƙin mai ɗaki kaza, sai kamshaf ya ɗan gusa gaba ko baya. A injinka kamshaf na shigar iska kaɗai ke gusawa. A 2ZR-FE na Corolla da suka biyo baya duka biyun ne, shi ne Dual VVT-i. VANOS na BMW, wanda ya fito a 1992, dangin wannan ne.

VTEC kuwa, da Honda ta fara a Integra a 1989, zurfin buɗewa da tsawon lokacinsa yake canzawa. Kamshaf ɗinsa yana da ƙananan tozo da babba. Idan gudun inji ya kai wani mataki, ƙarfin baƙin mai yana tura fil ya haɗe hannayen bawul, sai su koma bin babban tozon. Accord mai injin K24 i-VTEC ce, wato an haɗa mata dabarun biyu. Watakila nan abokinka ya ruɗe.

Mu dawo kan motarka. Kafin ka sayi komai, ja sandar mai. Tsarin nan da ƙarfin baƙin mai yake aiki, kuma in mai ya yi ƙasa ko ya daskare kamar kwalta, giyar ba za ta gusa kan lokaci ba. Injinka baƙin mai 5W-30 aka rubuta masa. Ana yawan zuba 20W-50 da hujjar zafin Abuja, amma hanyoyin man siriri ne, kaurin na jinkirta su, musamman da safe lokacin hunturu.

Sai makanike ya kwance OCV, noti ɗaya mai lamba 10 ne ke riƙe da shi. A auna shi da mitar lantarki: tsakanin om 6.9 da 7.9 idan yana da sanyi. A ba shi wutar batir na ɗan lokaci, a ga ko sandar ciki tana motsi ba ta maƙale ba. Akwai kuma 'yar ƙaramar raga a jikin kan inji mai tace man da ke zuwa gare shi. Da yawa ba sa tuna ta, alhali ita ce ke toshewa. A wanke ta da fetur, a yi juye, a sa sabuwar filta, a goge lambar P1349 da na'ura.

In ta dawo, ko kana jin ƙarar kwarakwaf na daƙiƙa biyu zuwa uku da zarar an tayar da safe, mai yiwuwa fil ɗin da ke kulle giyar ne ya lalace, in haka ne giyar za a canza. Kada ka yarda a cire soket ɗin OCV a ce an gyara: kakkarwar na iya lafawa, amma mota za ta yi nauyi a hawa, ta ƙara shan fetur.