Sare babban mangwaro a Agege

Malam, ka ce mangwaron gidanku ya rinjaya kan katangar maƙwabci, kana son kayar da shi. A matsatsin gidajen Legas ba a sare irinsa daga gindi. Ƙwararren mai hawa zai fara daga sama, ya datse rassa guntu-guntu, a sauke su da igiya. In saura kututture, a yi tsaga ta gefen da zai faɗi, kamar rubu'in kaurinsa, sannan a yanka ta baya, ɗan sama da tsagar. Kada a ratsa shi duka, ragowar tsakiyar ce ke jan akalarsa. Na ga wanda ya ratsa, itacen ya murɗe ya afka kan rufi. Nemi izinin LASPARK, hukumar kula da wuraren shaƙatawa da lambuna ta Jihar Legas, tukuna. In da wayar lantarki kusa, sai kamfanin wuta sun kashe layin.